Ku Tambaya Mu Amsa: Wai mutum-mutumin da ke cikin tsofaffin gem akwai su da gaske?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonnin da suka shigo kusan duk kan abu ɗaya suke, tsofaffin gem, tun da na yi suɓutar baki na ambaci kaset ɗin nan mai ruwan ɗorawa da ake rubuta wai gem dubu tara da ɗari tara ne a ciki alhali in ka zauna ka ƙirga ba su wuce goma ba sauran duk maimaici ne. Ashe na tayar wa mutane da tsohon tsumi. Na tsinto waɗanda suka shafi zane da mutum-mutumi na haɗa su wuri ɗaya, sauran ku yi haƙuri sai wani jiƙon.

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah ka raba mana gardama. A majalisarmu muke musu da wani abokina kan gem ɗin Gradius, wanda ake tuƙa jirgin sama ana harbi, akwai wani mataki da wasu manyan kawunan dutse masu dogon hanci ke buɗe baki suna tofo zobba. Shi ya ce Japanawa ne suka ƙirƙiro su daga kansu, ni kuma wlh na san na taɓa ganin irinsu a hoto. Wanda aka kayar shi zai sayi shayi da burodi. Daga wani ɗalibi, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanina, je ka karɓi shayinka ka ce a zuba madara sosai. Kawunan nan suna nan daram, sunansu moai, a wani ɗan tsibiri da mutanensa ke kira Rapa Nui, Turawa kuma suka sa masa tsibirin Ista saboda wani matuƙin jirgin ruwa ɗan Holan mai suna Jacob Roggeveen ya iso wurin ranar bikin Ista ta 1722. Tsibirin yana can tsakiyar tekun Pasifik, ƙarƙashin ƙasar Chile yake amma tsakaninsa da gaɓar Chile ɗin ya haura kilomita 3,500, ka ga kenan ba wurin da mutum zai ce bari in leƙa in dawo ba ne. Moai ɗin ana ƙirga su kusan 900 ko ma fiye, mutanen tsibirin ne suka sassaƙa su tsakanin wajen 1250 zuwa 1500 dan girmama kakanninsu da shugabanninsu, mafi yawa daga dutsen wani tsauni da ya taɓa aman wuta mai suna Rano Raraku. Matsakaicinsu tsawon mita huɗu ne da nauyin sama da tan goma sha biyu, mafi tsawo a cikin waɗanda aka tayar ya kusa mita goma.

Amma ka rage wa abokin naka rabin burodin, dan shi ma yana da ɗan abun faɗa. Na gaskiyar ba sa tofo komai, kuma ba kawuna ne zalla ba kamar yadda gem ya sa muka ɗauka, suna da jiki, kafaɗu da ciki da dogayen yatsu a kwance kan mara. Abun da ya faru shi ne waɗanda aka fi ɗauka a hoto su ne na gangaren Rano Raraku da ƙasa ta binne su har wuya, toh wannan hoton ne ya zagaya duniya, shi ne kuma masu zanen gem suka gani a littattafai da mujallu. Wato gem bai kwaikwayi dutsen ba, hoton dutsen ya kwaikwaya, da kuskuren hoton da komai.

Kamfanin Konami ya fitar da Gradius a 1985, aka kawo shi kan Famicom, na'urar gem ta gida da ake jonawa da talabijin, a 1986, wanda jabunsa ne ya cika gidajenmu. Waɗanda suka yi shi sun ce so suka yi su saka wani abu mai ɗaure kai, irin yadda wani gem da ya riga su mai suna Xevious ya saka manyan zanen ƙasa na Nazca da ke Peru. Na yarda, amma ni ina ganin akwai wani dalilin da ya fi wannan ƙarfi, shi ne talaucin na'urorin wancan lokacin. Allon Famicom ɗigo 256 ne a kwance, 240 a tsaye, ƙaramin hoton da ke motsi ɗigo takwas ne sau takwas ko sau sha shida, kuma kala uku kacal aka yarje masa, in kana son babban abu sai ka jera ƙanana kamar mai ginin bulo. Toh a wannan ƙuncin ka ce wa mai zane ya zano maka mutum-mutumin Girka mai lanƙwasar jiki da naɗin mayafi da jijiyoyin hannu, ai abun da zai fito kamar an taka kwaɗo. Shi kuwa moai goshi ne a turo, dogon hanci, tsukakken baki, haɓa mai kusurwa, shikenan, ko da ɗigo talatin ka yi shi yaro zai gane daga bakin ƙofa. Masu sassaƙar Rapa Nui sun riga sun yi wa Japanawa rabin aikin tun shekara ɗari biyar da suka wuce.

Shi ya sa bai tsaya a Gradius ba. Ogan ƙarshe na Arkanoid, gem ɗin fasa bulo da ƙwallo na 1986, kan moai ne. A Super Mario Land na 1989 kan Game Boy, 'yar ƙaramar na'urar gem ta hannu, wanda allonsa ma ɗigo 160 ne sau 144 da launi huɗu duk dangin kore da toka, akwai duniya guda da aka cika da su, wasu da fukafukai suna tsalle, wasu suna sheƙowa da gudu. Nan ne abun ya ba ni dariya, dan a tarihin baka na mutanen Rapa Nui cewa suke moai da ƙafarsu suka taka daga tsauni zuwa inda aka kafa su, aka daɗe ana musu kallon masu tatsuniya, sai ga shi wasu masu bincike biyu, Terry Hunt da Carl Lipo, sun yi kwafin ɗaya suka ɗaura masa igiyoyi uku, mutane na ja ta dama suna ja ta hagu, dutsen na rangaji yana matsawa gaba a tsaye. In ka taɓa taya wani matsar da firji daga falo zuwa kicin ka san yadda ake yi. Ko ɗan hoton kan dutsen nan da samari ke turawa a WhatsApp in an yi maganar da ta kashe musu baki, danginsu ne.

TAMBAYA: Yaya ina yini. Ni mace ce amma tare da yayyena na tashi dan haka Street Fighter na iya shi fiye da girki a lokacin. A filin ɗan damben nan Sagat akwai wani ƙaton mutum-mutumi a kwance a baya ya tallafe kai, shi ma akwai shi? Daga wata 'yar'uwa, Maraɗi.

AMSA: Lafiya lau ƙanwata, Allah ya sa dai yanzu girkin ya kamo. Akwai shi. Mutum-mutumin Buddha ne a kwance, kuma wanda kowa ke nunawa a matsayin asalin na gem ɗin yana wani tsohon wurin bauta mai suna Wat Lokayasutharam a garin Ayutthaya na ƙasar Tailan, kilomita wajen 80 arewa da Bankok. Tsawonsa ya kai kusan mita 40, da bulo aka gina shi aka shafe da farar ƙasa, kansa a kan furen bado. Ayutthaya ita ce babban birnin ƙasar har zuwa 1767 da sojojin ƙasar Bama, wato Myanmar ta yau, suka ci ta suka ƙone, shi ya sa yake kwance a fili ba rufi, da kangon gine-gine a bayansa, daidai yadda kika gani a allo. Kar ki haɗa shi da na Wat Pho da ke Bankok, wancan mai ruwan zinare ne kuma a cikin ɗaki yake.

Capcom sun fitar da Street Fighter II a 1991, dabararsu kuwa ita ce kowane ɗan dambe a ba shi fili da za ka kalla ka san ƙasarsa ba tare da an rubuta ba, Dhalsim da giwaye, Guile da jirgin yaƙi, Chun-Li da kasuwa da masu keke, kamar hotunan kalanda dai. Abun da gem ɗin bai faɗa miki ba shi ne kwanciyar nan ba hutu ba ce, a wurin mabiya addinin tana nuna Buddha ne a lokacin mutuwarsa, har yau suna zuwa da furanni suna lulluɓa masa ƙyalle ruwan goro. Mu kuwa shekara da shekaru muna kirɓar juna a gabansa, ni ko ɗaga kai ban cika yi ba dan Sagat ba ya ba ka sararin kallon bango.

TAMBAYA: Malam barka da aiki, ni gidan gem na riƙe shekaru kafin waya ta kashe mana kasuwa. Tun da can ina lura Goro, ƙaton nan mai hannu huɗu na Mortal Kombat, ba ya kama da zane, kuma motsinsa ba irin na sauran ba ne, yana wani daddatsewa. Yaran shagona cewa suke mutum ne aka ɗinka wa hannaye. Mene ne gaskiyar? Daga wani mai sana'a, Kano.

AMSA: Alhaji idonka ya gani daidai, kuma tambayarka ta fi burge ni dan ta juyo da maganar ta ɗaya ɓangaren. Waɗancan na sama mutum-mutumi ne da ke duniya tun tuni aka kwafo, wannan kuwa mutum-mutumi ne da aka ƙera musamman saboda gem ɗin. Mortal Kombat na farko na 1992, wanda Ed Boon da John Tobias suka jagoranta a kamfanin Midway da ke Shikago, mutane na gaske aka sa wa kaya aka ɗauka da kyamarar bidiyo suna naushi da shuri, aka yanko hotunan aka zuba a kwamfuta, har ma mutum ɗaya, Daniel Pesina, shi ne Johnny Cage shi ne Scorpion shi ne Sub-Zero, a biyun ƙarshen ma kalar kayan kawai aka sauya. Toh yaranka ba su yi nisa da gaskiya ba, sai dai ina za a samo mai hannu huɗu? Sai aka ba wani mai ƙira, Curt Chiarelli, ya yi ɗan ƙaramin Goro wanda tsawonsa bai wuce na rula ta 'yan makaranta ba, a lanƙwasa hannu kaɗan a ɗauki hoto, a ƙara lanƙwasawa a sake ɗauka, haka har a haɗa naushi guda. Daddatsewar da ka gani daga nan take. Ka tuna yadda shago ke yin tsit in an iso kansa, mai fad ɗin yana zufa, na baya suna ta ba da shawarar da ba a tambaye su ba, wani na cewa tsalle za ka yi wani na cewa daskarar da shi, ashe duk abun da ya tsorata mu ɗin nan za ka iya saka shi a aljihun babbar riga.

Doom na 1993 ma haka aka yi, kuma su sun fi zurfafawa. Mai zanensu Adrian Carmack ya ga cewa kowane dodo sai an nuna shi ta fuska takwas, gaba da baya da gefe da kusurwa, a kowane taku kuma, in da hannu za a zana ai sai shekara ta ƙare. Sai ya koma cuɗa yumɓu, ya mulmula sojan da kake bugawa da shi da wasu manyan dodanni irin su Cyberdemon, a ɗora a tebur a jujjuya ana ɗauka da kyamara, sannan a gyara kalar a kwamfuta. Da aikin ya yi yawa suka ɗauko Gregor Punchatz, ɗan mutumin da ya zana hoton kwalin gem ɗin, shi kuma ya yi nasa da ƙarfe a ciki da roba a waje yadda za su lanƙwasu ba su tsage ba, cikinsu har da gizo-gizon nan mai ƙwaƙwalwa a waje na ƙarshen gem. Bindigogin kuwa na wasan yara ne aka sayo a kanti, zarton injin na gaske ne aka aro, hannun da ke riƙe da su kuma na ɗaya daga cikin ma'aikatan ne, Kevin Cloud.

Wani zai ce toh Donkey Kong Country na 1994 fa, shi ma ai kamar yumɓu yake sheƙi. A'a, wannan a cikin kwamfuta aka ƙera shi, manyan injinan Silicon Graphics, sannan aka matse hotunan suka shiga kaset. Wanda yumɓu ne tsantsa shi ne ClayFighter na 1993, sunan ma ya faɗa, dan clay yumɓu ne da Turanci.

TAMBAYA: Fuskar katakon nan mai gashin tsuntsu da ke bin Crash Bandicoot, Aku Aku, daga Afirka aka ɗauko ta? Na ji wani ya ce sunan ma Hausa ne. Daga Kumasi.

AMSA: Kai jama'a, komai sai mun ce namu ne. Gashin tsuntsun ne ya ruɗe shi ya tuna da aku mai magana. Aku-aku kalma ce ta mutanen Rapa Nui ɗin da muka baro a sama, sunan wasu iskokai ne da suka yi imani suna tsare dangi. Su kuma masu gem ɗin na 1996 a jikin wani gidan cin abinci da ke kusa da Boston a Amurka suka tsinci sunan, irin wuraren nan da ake ƙawatawa da sassaƙen tsibiran Pasifik. Fuskar kanta haɗin gambiza ce, ba kwafin wani sassaƙe guda ba.

TAMBAYA: Malam ni a Alƙahira nake karatu, na je Giza na ga Abul Haul, mutum-mutumin nan mai jikin zaki da kan mutum, da idona. Wanda nake gani a Tomb Raider ina yaro bai yi kama da shi sosai ba, kuma a cikin kogo yake. Akwai wani ne daban? Sannan hannun nan da ke mayar da Lara, jarumar gem ɗin, zinare fa?

AMSA: Allah ya ba da sa'ar karatu ɗana. Na Giza da ka gani daga dutsen wurin aka sassaƙe shi, tsawonsa mita 73, tsayinsa mita 20, masana na danganta shi da zamanin Fir'auna Khafre wajen shekara 2500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Waɗanda suka yi Tomb Raider na 1996 a garin Derby na Ingila siffar kawai suka ara, jikin zaki, kan mutum, da ɗankwalin sarautar nan mai saukowa kafaɗa, suka kai shi wani birni da suka ƙago mai suna Khamoon, dan abun da suke buƙata shi ne wurin da Lara za ta hau ta yi tsalle ta nemo makulli. Mario ma yana da nasa, masu tofa wuta. Tunda kana can, in mai yi wa baƙi jagora ya ce maka sojojin Napoleon ne suka harbe hancin kar ka saya, akwai zanen da wani ɗan Danmak, Frederic Norden, ya yi wajen 1737 kafin a haifi Napoleon ɗin ma, kuma babu hanci a jiki.

Hannun zinare kuwa babu shi a ko'ina. Labarin Girkawa ne na sarki Midas da ya roƙi duk abun da ya taɓa ya zama zinare har abinci ya gagare shi ci, sai masu gem suka ƙera masa mutum-mutumi daga labarin. Aikinka a matakin shi ne ka kai sandunan dalma uku wurin hannun su koma zinare, amma ban san mutum ɗaya da bai fara hawa kan tafin ba dan ya ga me zai faru. Ni na hau, kuma ban ajiye wasan a memori ba tun farkon matakin, ina cikin sake hawa daga tushe aka ɗauke wuta.

TAMBAYA: Ƙaton mutumin tagullar da ake faɗa da shi a farkon God of War II, abokaina sun ce yana nan a Girka har yanzu ana zuwa kallo. Haka ne? Daga Jos.

AMSA: An taɓa yinsa, amma wanda ya ce maka yana nan sai ya faɗa maka wane jirgi ya hau. Shi ne ƙaton mutum-mutumin tsibirin Rodes, na abun bautarsu na rana Helios, wani mai ƙira Chares ya kammala shi wajen shekara 280 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), tsayinsa wajen mita 33, yana cikin abubuwan mamaki bakwai na tsohuwar duniya. Shekara hamsin da ɗoriya kawai ya yi a tsaye girgizar ƙasa ta karya shi daga gwiwa, ɓaraguzan suka yi ɗaruruwan shekaru a ƙasa mutane na zuwa kallo, marubucin Rum Pliny ya ce ba kowa ke iya rungume babban yatsansa da hannu biyu ba. Yau ko ƙyallin tagullarsa babu, babu kuma wani zane na wanda ya gan shi a tsaye.

Toh ka ga masu gem ɗin na 2007 ba su da abun da za su kalla su kwafa, fuskar da kambun da jikin duk nasu ne, sun dai jingina da yadda Girkawa ke ƙera sauran mutum-mutuminsu. Kuma ba su suka fara ba, hoton nan da ake yawan gani yana tsaye ya ware ƙafafu jiragen ruwa na wucewa ta ƙarƙashinsa shi ma ƙirƙira ce ta mutanen da suka zo sama da shekara dubu bayan faɗuwarsa, injiniyoyi sun ce da haka aka gina shi da nauyinsa kaɗai ya isa ya rushe shi.

Akwai wani bawan Allah daga Gusau da ya tambayi hukuncin buga gem mai irin waɗannan siffofi a ciki. Malam wannan ba layina ba ne, ka kai wa malaminku na unguwa, ka kuma tafi da wayar ka nuna masa gem ɗin ya gani da idonsa. Mai tambaya kan lambar sirrin Contra kuma, sama sama ƙasa ƙasa hagu dama hagu dama B A, a Gradius ɗin can na Famicom aka fara saka ta, wani ma'aikacin Konami ne gem ɗin ya yi masa wuya lokacin gwaji ya yi wa kansa hanya.